A daina haƙa masai har sai an taɓo ruwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan abin da muke jin nauyin ambata a cikin mutane, wato masai da inda abin cikinsa yake tafiya. Ni magini ne a Kano, kuma haƙa shadda da gina sokawe suna cikin sana'ar da nake ciyar da iyalina da ita.

Tun da marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar hana bahaya a fili a 2019, aka kuma ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta rabu da wannan ɗabi'a, kiran da ake ta yi a rediyo shi ne kowa ya yi makewayi a gidansa. Ina goyon bayan kiran. Amma a cikin birni gidan da ba shi da makewayi kaɗan ne. Abin da yake cutar da mu shi ne yadda ake yin ramin, da wurin da ake yin sa.

A tsakiyar Abuja akwai manyan bututai a ƙarƙashin ƙasa masu kwashe najasar gidaje zuwa matatar Wupa. Mu a unguwanninmu ba mu da wannan, kowa da raminsa. Wani shaddar gargajiya ce da murfi, wani masai mai ruwa ne da ke zuba cikin sokawe. Akwai kuma waɗanda ba sa tsoron Allah, suna saƙala fayif daga banɗaki kai tsaye zuwa kwatar layi, su jira ruwan sama ya tafi da ita ƙofar gidan wani.

Sokawe na gaskiya rami biyu ne. Na farko tanki ne da aka shafe cikinsa da ƙasansa da siminti, aka raba shi gida biyu, domin mai kaurin ya kwanta a ƙasa ya ruɓe. Ruwan da ya taso sama shi ne yake bin fayif zuwa rami na biyu, wanda ba a shafe ba, ƙasa ta tsotse shi a hankali tana tace shi. Amma da ka lissafa wa mai gida kuɗin bulo da rodi da siminti, sai ya ce, "Malam, rami ɗaya za ka yi mini, kada ka daɓe ƙasan, ka yi ta haƙa har sai ka taɓo ruwa, don kada ya cika." Ramin kam ba zai cika da wuri ba, domin ruwan ƙasa yana ɗauke abin da aka zuba. Wannan ruwan kuwa shi ne a rijiyar maƙwabcinsa, shi ne a tasa rijiyar.

Masana lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kusan ƙafa 100 ke nan, kuma gindin ramin ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. To, ina ƙafa 100 a filin awon igiya da aka yanka ƙafa 50 bisa 50, wani ma aka sake raba shi biyu saboda gado? Da daminar bara an kira ni wani gida wai rijiyarsu tana wari. Na leƙa bayan katanga, sai ga sokawen maƙwabci, tsakaninsa da bakin rijiyar bai wuce tsawon tabarma biyu ba. Uwargidan ta nuna mini randa, ta ce ai suna jefa alif, ruwan ya yi garau. Ga ƙananan yara suna kamfata da moɗa suna sha. Alif yana kwantar da laka ne, ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayar cuta. Har yau abin yana damuna.

Kada mu manta da 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,500, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Sai kuma ranar da rami ya cika. Mai hali ya kira motar zuƙe masai, marar hali ya nemo 'yan gidan kowa da akwai. Waɗannan bayin Allah cikin dare suke shiga rami da guga, babu safar hannu, babu takalmin roba, sai kananzir da ake watsawa don rage ɗoyi. Muna raina su, alhali da za su ajiye aiki wata guda da unguwa ba ta zaunu ba. Kuma mai gida ba ya tambayar inda za a kai kayan, shi dai a fitar masa daga gida. Wani a kai wa manoma ɗanye, wani a juye a kududdufi ko lambatu, ya gangara rafi irin Jakara, inda masu lambu suke ban ruwan latas da kabejin da muke saya a kasuwa.

Ina kira ga hukuma ta dawo wa dubagari da ƙarfinsu, ya zamana ba a haƙa masai ko rijiya a unguwa sai sun zo sun auna tazara, sun leƙa gidajen da ke kewaye. Inda fili ya yi kaɗan, a tilasta yin tanki shafaffe da ba ya yoyo, a riƙa zuƙe shi. A ware wuraren juye najasa nesa da rafi, a ba masu kwasa kayan kariya. Masu unguwanni su sa baki idan maƙwabta sun kasa daidaitawa. 'Yan uwana magina kuma, idan mai gida ya ce a haƙa har ruwa, mu gaya masa illar, in ya ƙi ji mu bar masa aikinsa.

Naku,
Wani magini daga Kano