Godiya ga Alhaji mai injin tsaga katako a yankin Birnin Kudu, shi da yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk yaran da ke cin abinci a ƙarƙashinka, na rubuto wannan wasiƙa a madadina da sauran kafintocin ƙauyukan da ke sayen katako a wajenka. Na san ba ka son a riƙa yawo da sunanka, shi ya sa ban sa shi ba, amma duk mai harkar rufi ko ƙofa a yankin nan ya san wajen da nake nufi. Da na so, da na zo rumfa na yi maka godiya baki da baki. Na zaɓi in faɗa a fili ne domin abin da muke gani a wajenka ya kamata jama'a su ji shi, yabon gwani kuwa ya zama dole.

Wanda ba ya cikin sana'ar nan gani yake katako duk katako ne. Mu da muke riƙe da guduma mun san ha'incin katako ba ya fitowa ranar ciniki. Sai an yi damina ɗaya ko biyu, hunturu ya busa shi, sannan ƙyaure ya ƙi rufuwa, benci ya fara rawa, ƙusa ta saki kwano. A lokacin mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗinsa, kafinta ne ake nunawa da yatsa a gari. Saboda haka mutuncinmu a hannun mai injin yake, ko mun so ko mun ƙi. Kai kuwa ka riƙe mana shi da amana.

Kafin ka kafa injinka, duk aikin da ya ɗan yi girma sai mun bi ta Wudil mun shiga Kano, mun je 'Yan Katako ta Na'ibawa. Kasuwa ce babba, babu irin katakon da ba za ka samu ba, amma nisa ne ke karya mu. Kuɗin mota, kuɗin dako, abinci, wani lokaci har da kwana, duk a kan aikin talaka za a ɗora su. In ka dawo gida ka tarar falanki biyu sun gaza, babu halin komawa, sai dai ka yi dabara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin sufuri kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa rufin ɗakinsa. Yanzu da amalanken shanu ko Keke Napep muke ɗauko kayanmu, in wani abu ya rage a aika yaro a kan babur.

Abu na farko da nake gode maka a kai shi ne awo. Kowa ya san yadda ake yi a wasu wurare: a kira katako tu-bai-fo, wato mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, in ka ɗora tef ka ga an shafce kusan rabin inci a kowane gefe, don gungume ɗaya ya ba da ƙarin guda biyu ko uku. Mai gida ba zai gane ba, amma nauyin kwano da iska za su gane. A wajenka tef a rataye yake a jikin ginshiƙin rumfa, duk mai so ya ɗauka ya gwada, ba a haɗe masa rai. Tu-bai-tu, tu-bai-tiri, tu-bai-fo, falanki mai faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, yadda aka faɗa haka ake samu. Wanda ya fito da naƙasa, mai ƙulli ko mai ɓawo a gefe, ana ware shi daban a faɗa maka, a kuma rage maka kuɗi. Wannan kaɗai ya isa a rubuta wasiƙa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar rufin Islamiyyar garinmu. Iskar farkon damina ce ta yaye kwanon ajujuwa, yara suka koma karatu a gindin darbejiya, in hadari ya taso a sallame su. Kwamiti ya bi gida gida ya tara abin da ya samu, mata ma sun ba da nasu daga kuɗin ƙuli-ƙuli da na awara, aka danƙa mini aikin. Da muka zo da shugaban kwamiti, idonsa ya faɗa kan wani tarin katako fes, sabon tsagawa, mai sauƙin kuɗi, ya ce shi za a ɗauka. Ka ɗaga guda ɗaya ka miƙa masa ya ji nauyinsa, ka sa ya dafa tafin hannunsa ya ji sanyin jikinsa, sannan ka ƙwanƙwasa shi da wani busasshe ya ji bambancin ƙarar. Ka gaya masa a fili cewa ɗanye ne, ruwa ne rabin nauyin da yake ji, ba za ka sayar da shi don rufin da yara za su zauna a ƙarƙashi ba. Ka bayyana masa yadda ɗanyen katako ke motsewa ta faɗi in ya bushe, ya murɗe, ramin ƙusa ya buɗe, iska ta samu wurin shiga. Sannan ka buɗe mana wanda ya daɗe a jere a inuwa, ka ba mu shi ka karɓi kuɗin ɗanyen, cikon ka ce a kawo bayan kaka in an sayar da amfanin gona. Ko takarda ba ka ce a rubuta ba, mu ne muka nace. Rufin nan yana nan daram, iskar bana ta cire na wasu gidaje a unguwar amma ko kwano ɗaya bai ɗaga ba.

Tun daga ranar na fara lura da yadda kake ajiyar kaya. Ba a zube katako a ƙasa a rana. Ana ɗora shi a kan dakali, a sa ƙananan sanduna a tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a danne sama da nauyi, a bar shi a ƙarƙashin rumfa. Wannan yana cin wuri, yana kuma riƙe jari wata da watanni, shi ya sa da yawa ba sa yi. Alhali a ƙasarmu ya zama tilas. Yawancin gumaguman da katakon da muke aiki da su daga kurmi suke zuwa, daga Ondo da Edo da Kuros Riba, da yankin Sapele da ya yi suna a harkar katako tun zamanin Turawa, wasu kuma daga Taraba. Itacen da ya girma a ƙasar da ruwa ba ya yankewa, aka ɗoro shi a tirela aka sauke a Jigawa cikin hunturu, in ba a bi shi a hankali ba tsagewa zai yi tun kafin a taɓa shi.

Ina kuma gode maka da ilimin da kake ba mu kyauta. Kai ka koya wa yarana su bambance jan zuciyar itace da farin gefensa, su san cewa farin nan shi gara da ƙwaro ke fara ci. Ba ka taɓa tura wa mutum mai tsada don ka ci riba ba. In silin ne ko abin da ba ya ɗaukar nauyi, ka ce obece ko malaina sun wadatar, ba su da nauyi kuma suna karɓar ƙusa. In ƙofar waje ce ko taga da ruwa zai riƙa duka, ka ce a daure a sayi iroko ko maɗaci, a huta. Wanda kuɗinsa bai kai ba ka nuna masa yadda zai shafe katakon rufi da maganin gara, ko aƙalla baƙin mai, kafin a ɗora. Har tsofaffin magina masu rufin soro suna zuwa ku tattauna kan azara, kuma na ji ka da kunnena kana gaya wa wani cewa ga irin ɗakin da yake so, azarar giginya ta fi duk abin da ke rumfarka, ya je ya nema. Ɗan kasuwar da zai tura ciniki wani wuri don gaskiya ba a samunsa ko'ina.

Ba zan manta da yaran injin ba, domin su ke shan ƙura. Babban mai tsagawa, wanda duk muke kira Oga, gwani ne na gaske. Kafin ya tayar da inji sai ya zagaya gungumen, ya duba inda ya lanƙwasa da inda ya fara tsagewa, ya sa a juya shi har sai ya samu fuskar da za ta ba da falanki mafi yawa ba tare da ɓarna ba. In itacen gari ne, darbejiya ko turare, sai ya bi jikinsa da ido yana neman tsohuwar ƙusa ko waya da ta nutse a ciki, domin ƙusa ɗaya tana iya zubar da haƙoran zarto, ta kuma raunata mutum. Akwai kuma dattijon da ke wasa zarto a bayan rumfa, haƙori bayan haƙori, ba ya gaggawa. Mutane ba sa ganinsa, amma miƙewar kowane falanki daga hannunsa take farawa. Masu ɗora kaya su ma ba su taɓa cusa mana ruɓaɓɓe a tsakiyar lodi ba. Allah ya yi musu albarka, ya tsare hannayensu.

Akwai wani hali naka da na san yana jawo maka asara, ina so manoma su ji shi. Ba ka karɓar gungumen da aka kawo da dare, kuma ba ka tsaga itacen da babu takardar izinin malaman daji a kansa. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo masu rai kuwa, ko da takarda sai ka yi wa mai su nasiha. Na ga wani matashi da ya gaji gona ya zo yana tallar ɗorawa biyu a tsaye. Ka zaunar da shi ka lissafa masa abin da kalwarsu ke kawo wa gidansu duk shekara, daddawar miya da kuɗin kashewar iyayensa mata, ka nuna masa kuɗin katakon ba zai kai shi ko'ina ba. Ka tuna masa gawo shi ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya taƙi ƙasa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Yaron ya tafi ba da daɗin rai ba, amma itatuwan suna nan.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da ya faru da madobiya. Cikin 'yan shekaru aka yi mata wawa a dazukan Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Mu nan Jigawa ba mu da dajin da za mu yi wasa da shi. Muna cikin jihohi 11 da ke fuskantar kwararowar hamada, waɗanda aka kafa wa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, a 2015, kuma duk wanda ya je arewacin jihar, wajen Maigatari ko Babura, ya ga abin da rairayi ke yi wa gona. Inji yana iya cinye itatuwan gari guda cikin shekara in mai shi ba ya tsoron Allah. Naka bai zama haka ba.

Ko sharar wajenka tana da masu ita. Dusar katako masu kiwon kaji ke kwashewa su shimfiɗa, guntaye da ɓawon gefe kuma masu tuyar ƙosai da masu shayi ke saye da araha, wanda hakan ke rage sarar itacen girki. Samarin da ka ɗauka aiki, da yawansu da yanzu suna Legas ko Abuja ci-rani.

Tunda na samu dama, ina da roƙo guda biyu, kuma na san kai mai jin magana ne. Na farko, a matsa wa yaran su riƙa sa takunkumi da abin toshe kunne. Na ga ka saya musu, amma zafi na sa su cirewa, ƙurar katako kuwa tana taruwa a ƙirji, ta iroko ma har tari da ƙaiƙayi take sawa. Na biyu, filin nan da ke bayan rumfa zai yi kyau da ɗan lambun renon itatuwa, ko da darbejiya da turare da maɗaci ne, duk wanda ya sayi katakon rufi a haɗa masa da dashe biyu ya kai gida. Mu kafintoci mun yi magana a tsakaninmu, za mu kawo taki da ledojin reno, mu kuma karɓi ban ruwa bi da bi. Ga hukuma kuma, muna roƙon a dubi masu irin wannan sana'a ta fuskar wutar lantarki, domin man da janareta ke sha a ƙarshe a kan talaka mai rufin ɗaki yake sauka.

Kwamitin Islamiyya da malamai da iyayen yara sun ce in isar maka da gaisuwa, kuma ragowar kuɗin nan da aka kammala biya bayan kaka, sun ce har yau suna jin nauyin haƙurin da ka yi. Limamin garinmu ya sa ka a addu'a ranar da aka koma aji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a dukiya da zuriya, ya kare injin da masu aiki a kansa daga gobara da tsautsayi, ya jiƙan mahaifa. In Allah ya kai mu bayan sallah za mu zo da maganar bencina da allunan ajujuwan, a fara ware mana busasshiyar malaina tun yanzu.

Wassalam.

Naka,
Wani kafinta, a madadin kafintocin karkarar Birnin Kudu, Jihar Jigawa