Ƙaramin sitiyari a tsohuwar Fijo, a auna kafin a saya

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da samarin nan namu da suka dawo da yayin gyara tsofaffin motoci, abin yana burge ni wallahi, sai dai akwai kuskure ɗaya da nake ta gani wanda ni ma na faɗa cikinsa, wato cire sitiyarin asali a ɗaura ɗan ƙarami irin na motar tsere.

Ni Peugeot 504 ce a hannuna, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, irin wadda aka riƙa haɗawa a nan Kakuri tun da aka buɗe kamfanin Fijo a 1975. Ba ta da fawa sitiyari, wato na'urar da ke sauƙaƙa murɗa sitiyari, haka ta zo. Sitiyarinta na asali ya tsattsage ya yi kaushi saboda rana, to sai wani yaro mai sayar da kayan ƙawa ya nuna min wani ɗan ƙarami mai faɗin milimita 330, baƙar fata da jan zare, ya ce Alhaji wannan shi ne yayi, ni kuma ido ya ruɗe ni na biya ko aunawa ban yi ba.

A kan titin Zariya lafiya lau, har ina jin kaina kamar ɗan saurayi, ka ɗan taɓa motar ta amsa. Ranar Juma'a ce asirina ya tonu, na zo yin fakin a gefen masallaci tsakanin motoci biyu, ina murɗawa ina nishi, babbar riga ta jiƙe da gumi, yara na kallona, sai da wani bawan Allah ya ce Baba ko a tura ne? Mota kuma lafiyarta ƙalau.

Da na je wajen bakanikena, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana kwance Fijo yana ɗaurawa, dariya ya yi, ya ɗauko sifana biyu, doguwa da gajera, ya ce Alhaji kwance min notin nan da gajerar. Na gane abin da yake nufi tun kafin in karɓa. Faɗin sitiyarin nan shi ne tsawon sifanar, Turawan da suka ƙera motar ba don ƙauyanci suka yi shi kamar faifai ba, a motar da ba fawa faɗin nan shi ne fawar. Lissafin ma ba wuya, na asali kusan milimita 400 ne, idan ka sauko 330 ƙarfin da hannunka zai sa ya ƙaru da kusan kashi 21 cikin 100, a 350 kashi 14, a 380 kuwa kashi 5 ne kawai wanda ko ji ba za ka yi ba. Kuma abin haushin, yawan juyin bai ragu ba, in sau huɗu da ɗoriya kake juyawa daga ƙarshe zuwa ƙarshe to haka za ka ci gaba da yi, wahala kawai ka ƙara wa kafaɗarka. Ni kuma na ƙara da sa tayoyi masu faɗi maimakon masu faɗin milimita 175 da ta saba da su, kun ga gaba ta ƙara nauyi kenan.

Ba wai na ce kowace mota haka take ba fa. Mai Volkswagen Beetle, kunkuru, injinsa a baya yake, gaba ba nauyi, shi zai iya sa 350 ya zauna lafiya muddin bai sa manyan tayoyi ba. Mai tsohuwar Marsandi da ta zo da fawa shi ma da sauƙi, ko da yake a ganina ƙaramin sitiyari a cikin Marsandi kamar hular yaro ce a kan basarake, amma wannan ra'ayina ne. Fijo kuwa da inji a gaba, ba fawa, ni dai ba zan ba kowa shawarar ya sauka ƙasa da 380 ba.

Sai maganar da ba a faɗa maka a shago. Da ƙaramin nan bakin sitiyarin ya zo daidai kan allon gudu ya rufe, sai na leƙa kamar mai neman allura kafin in ga ko nawa nake tafiya. Sannan akwai zurfi, wani shimfiɗaɗɗe ne wani kamar kwano, mai zurfin yana matso maka da shi kusa da ƙirji amma yatsunka su yi nisa da sandar sigina. Ga kuma mahaɗin da ake ɗaura shi a kai, wanda dole ya zama na motarka ne, in ba haka ba sigina ta daina komawa da kanta bayan ka sha kwana. Ko ramukan noti ba ɗaya ba ne, Momo da Nardi, kamfanonin ƙera sitiyari, duk 'yan Italiya ne duk noti shida, amma na Momo tazarar milimita 70 ce na Nardi 74, ba sa hawa mahaɗin juna. Na ga wanda aka huda masa sababbin ramuka aka ɗaure haka nan, subhanallahi, abin da ran iyalinka ke rataye a kai. Kuma da yawan masu arhar nan da tambarin manyan kamfanoni jabu ne, ka riƙe da hannu biyu ka ɗan danna za ka ji yana lanƙwasa.

Gaskiya ɗaya dai, ƙaramin yana ba da wurin cinya, mu masu tumbi mun san wannan. Shi ya sa kafin in sake saya na yanka kwali zagaye uku, 350 da 360 da 380, na zauna a kujera na ɗora kowanne ina duba allo ina taka kuloci in ga ko gwiwa za ta taɓa. Na tsaya a 380 na katako, na mayar da tayoyin 175, aka duba iskar taya da bol-joyin, yanzu da hannu ɗaya nake yin ribas in shiga gida.

Na asalin ban yar ba, na kai wa wani baduku zai naɗe shi da jar fata, ya ce sai bayan sallah. Ɗan 330 ɗin kuma yana rataye a gareji, ƙanena ya ce yana so, na ce ya zo ya fara yin fakin da shi sau ɗaya tukuna.

Naka,
Wani mai Fijo, Tudun Wada, Kaduna