Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kwashe sharar layinmu

Yallaɓai Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a madadin magidantan layinmu a nan cikin Kano. Na fito da maganar fili ne saboda sau uku ina tattaki zuwa ofishinku, kullum amsar ɗaya ce: oga bai shigo ba.

Za ka tuna yadda aka fara. Ma'aikatanku sun zo da wani jami'in sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka raba wa kowane gida duro biyu masu taya. Baƙi na sharar gida, shuɗi na robobi, gwangwanaye, kwali da ledar fiyawata, waɗanda kuka ce za a kai masana'anta a sake sarrafa su. Mota za ta zo duk Talata da Asabar, mu kuma mu biya kuɗin wata. Ganin jami'in hukuma a gefenku ne ya sa muka sa hannu ba gardama.

Mu dai mun riƙe namu alkawarin. Uwargidana har ɗauraye gwangwanin tumatir take yi kafin ta jefa a shuɗin duro, yara kuma sun koyi taka gorar ruwa ta lotse don kada ta cinye wuri. Sai wata Asabar na makara ban fita kasuwa ba, na tsaya a zaure ina kallo. Yaran motarku suka ɗaga baƙin duro suka juye, suka ɗaga shuɗin suka juye a kansa, a cikin tifa ɗaya, kwalin da aka adana a bushe ya jiƙe da ruwan miyar jiya. Na tambayi direba, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai duk bola ɗaya za su." Ban ga laifinsa ba, yaron bai iya ƙarya ba ne kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin zuwanku waɗannan kayan ba sa kwana a ƙasa. 'Yan jari-bola ne ke bin gida-gida da buhu, su sayi roba da ƙarfe da gorar lemo, mata su samu na gishiri da magi, kayan kuma su ƙare a hannun masu niƙa roba da gaske. Ku kuka sa aka hana su shiga layin, wai suna tone duro suna watsa shara. To yau ga shi muna biya a kwashe abin da a da ake biyanmu a ɗauka, kuma a binne shi a juji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Zuwan motar ma ya zama sai an ga dama. A watan Agusta, tsakiyar damina, kwana 16 ba ku leƙo ba. Awaki suka kifar da durorin, ruwan sama ya kwashi leda ya cusa a kwalbati, kwata ta dawo har ƙofar masallaci. Mai karɓar kuɗinku kuwa, sai in yaba masa, bai taɓa wuce ranar 2 ga wata ba.

Da muka kai kuka sakatariya aka ce mu koma wurinku, ku kuma kuka ce aikin sa ido na hukuma ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma ba da kwangila ba ya sauke wannan nauyi daga wuyansu. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kason su na kuɗin asusun tarayya kai tsaye. Wannan tsakaninmu da zaɓaɓɓunmu ne, za mu ji da shi. Amma rashin duba-gari mai bin sawunku bai halatta muku kuɗinmu ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Muna so ku nuna mana takardar yarjejeniyarku da hukuma: ranakun kwashewa, wanda ke duba aikinku, da hukuncin da ke kanku in kun saɓa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta haɗa har da kamfanoni masu zaman kansu da ke yi wa jama'a aikin gwamnati, kuma kwana 7 ta ba da a amsa. Ku faɗa mana sunan masana'antar da ke karɓar kayan shuɗin duro, mu tura mutum biyu su gani da idonsu. In babu ita, ku zo ku kwashe shuɗayen durorinku, ku rage kuɗin wata, a bar 'yan jari-bola su dawo. Kuɗin makonnin Agusta kuma a cire mana shi daga na wata mai zuwa.

Na aika kwafin wannan takarda ga kansilanmu, da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB. Rasiɗanmu na wata tara suna hannun mai unguwa, tare da hoton tifar ranar Asabar ɗin nan. Kuɗin wannan watan ma yana wurinsa, mun tara cif, za a miƙa shi ranar da amsarku ta iso a rubuce.

Naka,
Sakataren ƙungiyar mazauna layi, Kano