Zuwa ga Malamin da Ya Tambaye Ni ko Dutse Ƙafa Gare Shi

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa, tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso. Don wanda bai gani ba, ga yadda aka yi. Na yi rubutu a kan jerin duwatsun da ke tsakanin Nowe da Suwidin, na ce fallayen dutse ne manya-manya da aka turo daga yamma zuwa gabas tafiyar aƙalla kilomita 300, lokacin da tekun da ke tsakanin nahiyoyi biyu ya rufe suka yi karo, shekara miliyan 430 zuwa 400 da suka wuce. Na kuma ce wani yanki na gaɓar Nowe ya nutse kusan kilomita 100 cikin ƙasa, ya dawo. Kai kuwa sai ka rubuta: "Dutse ƙafa gare shi? Wa ya auna? Kana wurin? Ko haddar Turawa ce kake sauke wa 'ya'yan mutane kamar aku?" Ka ce in kawo hujjar da hannu zai taɓa, ko in janye.

Ƙafar dutse na bar maka, raha ce, na ga ma ta samo maka tafi. Akun ne ya tsaya mini a wuya. Aku yana maimaita magana ne bai san inda aka samo ta ba, kuma duk wanda ya zauna a ajina ya san ba na karɓar adadi daga ɗalibi sai ya faɗi yadda aka auno shi. Tunda awo ka nema, ranka ya daɗe, sai ka gyara zama.

A Jämtland ta Suwidin akwai dutsen Åreskutan, tsayinsa mita 1,420. A ƙasan yankin duwatsun laka ne da na farar ƙasa waɗanda zafi bai dafa su sosai ba, har da sauran ƙananan halittun teku da suka daskare a cikinsu. A ƙololuwa kuma dutse ne da ya dahu har ya fara narkewa, irin dahuwar da ba ta samuwa sai a zurfin gomman kilomita. Dafaffe a sama, ɗanye a ƙasa. Wutar murhu ba ta tsallake gindin tukunya ta dafa abin da ke bakinta, saboda haka na saman nan a wani wuri ya dahu, daga baya aka ɗora shi. Tsakanin fallayen akwai ɗamarar dutsen da ya niƙe, ya miƙe zare-zare kamar alewar da aka ja, zaren duk ya doshi hanya ɗaya, daga yamma zuwa gabas da ɗan karkata kudu. Wannan ne ya sa Alfred Törnebohm, masanin duwatsu ɗan Suwidin, ya ce a 1888 an turo duwatsun fiye da kilomita 100. Abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba. Ka ga ke nan ba kai ka fara wannan dariyar ba, sai dai su sun ɗauki guduma sun hau dutsen kafin su yi musu.

Wa ya auna? Taswira ce ta auna. A wurare da dama zaizaya ta huda fallen sama, ana leƙa tsohon dutsen gindi ta ramin, kamar yadda ake ganin daɓe ta hudar tsohuwar tabarma. Irin waɗannan tagogi suna nan jere tun daga kan iyakar ƙasashen biyu har zuwa gaɓar tekun Nowe, kuma a kowace taga falle ɗaya ne a kwance bisa gindi ɗaya. Tushen fallen dole ya kasance yamma da tagar ƙarshe. Sai ka auna daga can zuwa bakinsa na gabas. Awon yana da inda yake zamewa: inda fallen ya naɗe sai an warware shi a lissafi, inda ya miƙe daga baya sai an rage. Shi ya sa na ce aƙalla, ban ce daidai ba, kalmar da ka tsallake da ka zo kwafo maganata.

Akwai ƙarin shaida. A ɗaya daga cikin fallayen, wanda ake kira Särv, jijiyoyin baƙin dutse ne birjik, narkakken dutsen da ya cika tsagogi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohuwar nahiya ke yagewa. Kowace jijiya ta zo layin da fallen ya zame a kai sai ta yanke ƙat, a dutsen da ke ƙasa babu ci gabanta. Jijiyar da ta taso daga ƙasa kuma ba ta da gindi, ai an raba ta da gindin ne. A Hølonda kusa da birnin Trondheim na Nowe an samu sauran halittun teku irin na gaɓar tsohuwar Amurka ta Arewa, ba irin na ɓangaren Suwidin ba. A tsibirin Leka na Nowe kuma ɓawon ƙasan teku ne sukutum a kan tudu, mai shekara kusan miliyan 497. Ko zamewar ma ba abin mamaki ba ce, domin a gindin fallayen gabas akwai baƙin dutsen laka mai taushi, wanda ya yi musu aikin man shafawa. Yi lissafin da kanka: kilomita 300 a shekara miliyan 30 santimita 1 ne a shekara. Farcenka ya fi haka sauri. Indiya a yau tana kutsawa cikin Asiya da kusan santimita 4 a shekara, na'urorin GPS suna aunawa.

Yanzu nutson kilomita 100, inda ka fi yin shewa. Kwaz, farin dutsen nan mai ƙyalli da ya cika yashi, idan aka matse shi da ƙarfin da ya kai kusan ninki 27,000 na nauyin iskar da ke kanmu, sai ƙwayoyinsa su sake zama, ya koma wani ma'adani mai suna kowesayit. Ba zato ba ne, Loring Coes ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1953, an kuma maimaita gwajin ba adadi. Irin wannan matsi a cikin ƙasa sai an kai zurfin kilomita 90 zuwa 100. A 1984 David Smith ya ba da rahoton kowesayit a wani dutse na yammacin Nowe, a shekarar da Christian Chopin ya same shi a duwatsun Alps na Italiya.

Ga yadda ake ganinsa. A yanko dutsen da zarto mai bakin lu'ulu'u, a manna shi a gilashi, a goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03. Alamar an kai kaurin shi ne kwaz ya fito fari-fari ko toka-toka a madubin duba ma'adanai. Idan ya fito ruwan ɗorawa, da saura, a koma guga. Sai a bi ƙwayoyi masu tauri, irin jan ganet, ana neman ɗan abin da suka haɗiye. Kowesayit idan matsi ya ragu yana komawa kwaz, yana kumbura da kusan kashi 10 cikin 100. To shi yana kulle cikin ganet, sai ya fasa gidan: za ka ga ɗan ɗigo a tsakiya, kwaz ya yi masa zobe, tsagogi sun fita ta ko'ina kamar wayoyin ƙafar keke. Amma tsaga kaɗai ba ta isa hujja, domin sau da yawa ɗigon ya riga ya koma kwaz gaba ɗaya. Sai an haska masa leza, kowesayit ya ba da alamarsa a lamba 521 a ma'aunin na'urar, kwaz a 464. Nan ma ana yin kuskure, musamman a kan ƙananan lu'ulu'u da ake samu a irin waɗannan duwatsu: zarton da garin gugar duk lu'ulu'u ne, saboda haka ba a karɓar ƙwayar da ke saman gilashi, sai wadda ke binne cikin ma'adanin da ba a taɓa ba.

Kana wurin? A'a, Malam, ba na wurin. Zarkon yana wurin. Ƙwayar ma'adani ce a cikin dutsen, 'yar ƙarama ƙwarai, tana karɓar yuraniyom lokacin da take tsirowa, ba ta karɓar dalma. Duk dalmar da aka samu a ciki daga baya, yuraniyom ne ya rikiɗe. A daka dutsen, a tankaɗe, a zuba garin cikin ruwa mai nauyi, kwaz ya taso, zarkon ya nutse. A tsince shi ɗaya-ɗaya, a kafa a roba, a goge har cikinsa ya bayyana, sannan leza ta huda ɗigo mai faɗin kusan milimita 0.03. Agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya: yuraniyom 238 rabinsa yana zama dalma a shekara miliyan 4,470, yuraniyom 235 kuma a miliyan 704. Idan agogon biyu suka saɓa, dalma ta zurare ko an yi gauraye, ba a ɗaukar adadin kai tsaye. Babban tarko shi ne zarkon na yammacin Nowe yakan zo da tsohuwar ƙwaya a ciki mai shekara fiye da miliyan 1,600, da sabuwar riga a waje mai kusan miliyan 400. Wanda ya harba leza a kan iyakarsu zai samu shekarun da babu abin da ya faru a cikinsu. Don haka ake ɗaukar hoton cikin ƙwayar kafin a huda. Aku ba ya sanin inda tarkon yake.

Wanda taswira ba ta ishe shi ba, an haƙa masa. A 2014 an yi rami mai zurfin mita 2,496 kusa da garin Åre da ke gindin Åreskutan, a 2020 aka yi na biyu mai mita 2,276, an ciro sandunan dutsen an adana. Ga abin taɓawa da hannu nan.

Sauran maganganunka ba za su ci lokaci ba. Ka ce ta yaya teku ya rufe alhali ga Atlantika nan. Teku biyu ne. Na farko, wanda masana suka raɗa wa Iapetus, shi ya rufe. Na yanzu ya buɗe tsakanin Nowe da Girinlan kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce, ya bar rabin jerin duwatsun a gabashin Girinlan, inda fallayen suka doshi yamma. Ka kuma ce me ya haɗa Bahaushe da dutsen Nowe. Duwatsun da ke tsaitsaye kewayen Zariya da Bauchi saiwar wani jerin duwatsu ne da ya tashi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, zaizaya ta cinye samansa, kuma an ba da rahoton kowesayit a arewacin Mali a 1994. A Nowe benen yana tsaye, mu harsashi ya rage mana.

Da neman sani ya kawo ka, ba neman suna ba, da ka gano inda gizo ke saƙar. Bari in ba ka shi kyauta. Karon ya ƙare tun shekara miliyan 400, jerin ya rufta ya miƙe, to me ya sa har yau Galdhøpiggen, dutsen da ya fi tsayi a Nowe, ke da tsayin mita 2,469, alhali ɓawon ƙasa a kudancin Nowe kusan kilomita 40 ne kawai, ba 70 ba kamar na Tibet? Wasu masana sun ce ragowar tsohon tudun ne, yana tasowa a hankali yayin da ake zaizaye masa kaya. Wasu sun ce ya baje tuntuni, daga baya aka sake ɗaga shi. Har yau ba su daidaita ba. Ni na fi karkata ga na biyu saboda shimfiɗaɗɗun filayen da ke can saman duwatsun, amma masu ra'ayin farko suna cewa ƙanƙara da sanyi ma suna iya baje kan dutse a inda yake, kuma ba a kayar da su ba. Da nan ka taso mini, da na sha gumi.

Abin da ya fi ba ni takaici ba kai ba ne, masu tafin ne. Da yawansu sun yi makaranta, wasu har da takardar ilimin ƙasa a aljihu. Yaro ya gama karatun duwatsu bai taɓa goge gilashi ɗaya da hannunsa ba, madubin da ke ɗakin gwaji fitilarsa ta mutu tun kafin a ɗauke shi, fita daji an mayar da ita yawon kwana biyu da ɗaukar hoto. Wanda aka koya wa ilimi a haka, dole ya ɗauka kowa hadda yake yi. Ga mu da zinariya da kuza a ƙasa, masu haƙa suna bin jijiyar kwaz da ka, idan ta yanke a tsaga ba mai gaya musu ta ina ta ci gaba, alhali karatun ɗaya ne da na jijiyoyin Särv da kake wa dariya.

Ba zan janye ba. Idan za ka amsa, kuma ina fata ka amsa a inda ka yi tambayar, ka fara da abu biyu: yadda dafaffen dutse ya hau kan ɗanye a Åreskutan, da abin da ya fasa ganet daga ciki.

Wassalam.
Ɗan'uwanka, malamin ilimin duwatsu.