Likita, gashin goshina ya tafi: in sayar da filin gadona in je dashe?

Assalamu alaikum Hajiya Likita. Ina gaishe ki da aiki, tare da abokan aikinki na gidan rediyo. Allah ya saka da alheri. Ban sa sunana ba, kin san Damagaram, kowa ya san gidan kowa.

Ni matar aure ce, na kusa arba'in, ina ɗinki a gida. Damuwata gashi ce. Gefen kaina duka biyu, daga saman kunne zuwa goshi, ya zube, goshin kuma ya ja baya kamar faɗin yatsu uku. Wannan ba zubewar jego ba ce. Ita na san ta, wata uku ko huɗu bayan haihuwa gashi ya yi ta bin mataji, kafin yaro ya shekara ya dawo. Wannan kuwa ta daɗe. Na ɗauki madubi na fita tsakar gida cikin rana na duba, wurin sumul yake yana sheƙi, ko ƴan ƙofofin da gashi ke tsirowa ban gani ba. In ina alwala na zo shafar kai, fata hannuna ke fara tararwa, sai ya yi nisa kafin ya kai ga gashi.

Tun ina ƙarama ake mini ƙananan kitso mai tsauri. A gidanmu kitson da bai ɗaga gira ba ba a ce ya yi kyau. Makitsiya ta danne kai a cinyarta, ta tsinto har ƴan gashin goshi masu laushi ta cusa cikin layi. Daren farko ba a barci, kwana biyu sai ƙuraje su feso a bakin kitson. Da na girma meshi, wato gashin kanti da ake ƙarawa a kitso, ya shigo, ga nauyi, ga man miƙar da gashi mai ƙuna a fatar kai. Ranar da kika faɗa a shiri cewa jan gashi shekara da shekaru yana kashe saiwarsa, wanda aka tara da wuri yana dawowa, wanda ya daɗe kuma tabo yake zama, sai da na ajiye ɗinkin da ke hannuna.

Magani kam an yi. Man kaɗe, man shanu, karkashi, ruwan albasa, har cebe da ake kawowa daga Cadi. Sauran gashin ya yi laushi ya ƙara tsawo, amma inda ya tafi bai motsa ba. Na yi awon jini aka ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, kuma zubewar tsakiyar kai ta ragu sosai. A farmasi an nuna mini wani maganin tsirar gashi mai suna minoxidil, aka ce sai an yi wata 3 zuwa 6 ana shafawa kafin a ga alama, in an daina abin da ya fito ya koma, kuma mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. Lokacin ina goyon auta, sai na bar shi. Yanzu na yaye. Shin yana da amfani a fatar da ta riga ta yi sheƙi, ko asarar kuɗi ce?

Ƙanwata da ke Yamai ce ta turo mini bidiyon dashen gashi a Turkiyya. Na zauna na bi abin sosai. Ashe ba sabon gashi ake ƙirƙira ba, naka ake ɗauka daga ƙeya a mayar gaba, kamar yadda masu lambu a Mirriya ke cire irin albasa daga wani fangali su dasa a wani. Wasu likitocin suna yanko siririyar fata daga ƙeya su ɗinke wurin, wasu kuma saiwa ɗai-ɗai suke cirowa. Allurar kashe zafi ake yi a fatar kai, mutum na farke, aikin ya ci kusan yini. Gashin da aka dasa yana zubewa cikin makonnin farko, ya fara tsirowa wajen wata na 3 ko na 4, ba a ganin ƙarshen aikin sai an shekara.

Na tura hoton kaina ga wata lamba ta WhatsApp da ke jikin tallar. Kafin la'asar aka amsa cewa na dace, kuɗin aiki da masauki a Istanbul Yuro 2,000. Da kuɗinmu ya haura sefa miliyan 1 da jika 300. Ban da jirgi, ban da biza, ban da motar Yamai mai kusan kilomita 900, kuma ba zan tafi ba muharrami ba, kin ga kuɗin hanya ya zama na mutum biyu. Abin da na mallaka da zai ɗauki wannan shi ne filin da na gada wajen mahaifina.

Saurin amsar nan ne ya tsorata ni. Wanda bai taɓa fatar kaina ba, bai tambayi jinina ba, bai tambayi ko zubewar ta tsaya ba, ta yaya ya san na dace? Hotunan da suke nunawa kusan duk maza ne masu gashi miƙaƙƙe. Namu a murɗe yake har cikin fata, shi ya sa cire saiwarsa ba tare da an yanke ta ba yake buƙatar hannun da ya saba da irinsa. Ga kuma jikina mai kumburin tabo ne, hujin kunnena na hagu ya bar mini ƙullutu kamar ƙwayar gujiya har yau. In haka ta faru a ƙeyata fa? Gashin ƙeyar ma ba mai yawa ba ne, kuma wanda aka cire ba ya sake fitowa a wurin.

Ta fuskar addini hankalina a kwance yake. Malamarmu ta Islamiyya ta bambanta mini ƙarin gashi da hadisi ya hana da dashen gashin mutum na kansa, wanda magani ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta halatta shi a zamanta na 2007 a Malesiya, musamman ga mace.

Maigidana, Allah ya saka masa, bai taɓa goranta mini ba. Cewa yake a haka ma na yi masa, kada in taɓa filin. Amma ni da kallabi nake kwana. Gidan kitso sai na tabbatar ba kowa nake zuwa. A gidan biki in mata suka cire ɗankwali suna gyara ɗauri, ni kewaye nake nema. Gwaggona ta dage cewa hannu aka sa mini, ni kuwa na san abin da kaina ya sha tun yarinta. Mutane suna cewa ai mace a rufe take, wa zai gani? Ni nake gani, Hajiya, kullum safe.

To abin da nake roƙo ki fayyace mini: ta yaya ake gane saiwa ta mutu ko da sauran rai? Likitan fata zai iya ganewa da ido da na'ura, ko sai an ɗebi ɗan yankin fata an auna? In nemi likitan a nan, ko in je Yamai ko Kano? In ta tabbata ta mutu, mai irin tabona tana iya yin dashe? In kuma ana yi, me zan tambayi likitan kafin in ba da ko dala?

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi tawa gaggawa. Ƴata tana da shekara tara. Da na tsefe mata kitson da ya wuce na ga ƙurajen nan a gefen kanta, gashin wurin ya fara yin shara-shara. Na ce a sassauta, kakarta ta ce haka aka yi wa kowa, kuma kitson salla ba a yin sa sako-sako. Surukata ce, ba zan ja da ita ba. Amma ba ta wuce shirinki, da rediyonta take zama a tabarma. Don Allah ki yi bayanin kitson yara da bakinki, yadda ya kamata a ja da tsawon lokacin da za a bar kai ya huta, kafin sallar nan ta zo.

Wassalam. Taki mai sauraro, daga unguwar Birni, Damagaram.