Wannan dutsen fa ba kakan kyankyaso ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Hoton nan da kuka buga kwanakin baya na wata halitta da ta sandare a cikin dutse, kuka rubuta a ƙarƙashinsa wai kakan kyankyaso ne, shi ya hana ni sakat, don ɗalibaina biyu sun kawo min shi a waya suna cewa malam ga shi jarida ma ta faɗa. To ku yi haƙuri, ba haka ba ne. Sunanta turailobait, halittar teku ce, ta bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce ta kuma ƙare ƙurmus wajen shekara miliyan 252, ba ta bar ɗa ba ta bar jika. Nau'in da aka sa wa suna sun haura 20,000. Eh, tana cikin babban gidan masu ƙafafu gaɓa-gaɓa irinsu kunama da ƙaguwa da kyankyason ma, amma ai kama da wane ba ta wane.

Ni ɗan Argungu ne don haka bari in yi misali da kifi. Duk wanda ya ga gaiwa da ƙarfasa zai ce 'yan gida ɗaya ne tunda duk a ruwa suke. Amma a lissafin da masana ke kira kiladistik, gaiwa ta fi kusa da saniya a kan ƙarfasa, wallahi ranar da na fara jin haka sai da na yi dariya, amma in ka duba tsarin huhunta da zuciyarta sai jikinka ya yi sanyi. Wani Bajamushe masanin ƙwari, Willi Hennig, shi ya tsara hanyar a 1950. Cewa ya yi a daina haɗa zumunci da kamannin da kowa ke da shi tun kaka da kakanni, a nemo sabuwar alamar da wasu kaɗai suka gada daga kaka guda, kamar dai tsagen gado da za ka gani a fuska ka san gidan da mutum ya fito.

A da can, ana raba turailobait ne da layin da ke kansu, inda ɓawon ke tsagewa idan za su yi saɓa, alama ɗaya tal. Daga baya irinsu Richard Fortey na gidan tarihin halittu da ke Landan suka ce a'a, a haɗa da faranti na ƙarƙashin baki da yadda jaririn ke girma da sauran alamu da yawa, a bar kwamfuta ta nemo bishiyar dangi mafi sauƙin bayani. Nan ne asirin wasu rukunai ya tonu, musamman Ptychopariida wanda ashe kwandon tarkace ne, duk wanda aka rasa inda za a kai shi sai a jefa shi ciki.

Amma ni abinda ya fi burge ni shi ne awon siffa, mofometirik kenan. Matsalar ita ce dutse na yaudara. Dabbar nan tana saɓa sau da yawa a rayuwarta, yawancin abinda ake tonowa ɓawon da ta yar ne, ƙarami da babba ba su cika kama da juna ba, sannan ƙasa kan matse dutsen ta ja wani ya yi tsawo wani ya yi faɗi, sai ka ga nau'i ɗaya an raɗa masa suna uku, kowane mai bincike na murna ya gano sabon abu. Yanzu sai a ɗauki hoto a ɗiga maki a wurare sanannu, gefen ido, ƙarshen kumburin tsakiyar kai, kusurwar kunci, kwamfuta ta cire bambancin girma da juyawa ta ɗora su kan juna, abinda ya rage shi ne ainihin siffa. Tela ma ai ba ya yanka shadda da ido kawai.

Ko ƙirge zalla ya taɓa tada ƙura. Wani masani, Niles Eldredge, ya zauna yana ƙirga layukan ƙwayoyin idon wata turailobait mai suna Phacops a Amurka, ya ga adadin kan tsaya cak na dogon zamani sannan ya sauka daga 18 zuwa 17, daga nan shi da abokin aikinsa Stephen Jay Gould suka fito a 1972 da ra'ayin cewa sauyi kan zo ne a taƙaitaccen lokaci bayan dogon zama. Sai wani masanin, Peter Sheldon, a 1987 ya duba turailobait kusan guda 15,000 a yankin Wales ya ƙirga haƙarƙarin wutsiya, shi kuma ya ga suna ƙaruwa sannu a hankali. Har yau ana ja-in-ja, kuma ni ban ga laifin hakan ba tunda kowa da lamba yake magana.

Wani abokina da ke harkar ma'adinai wajen Anka ya ce wai zai sa yaransa su nemo masa turailobait. Na ce ya huta, duwatsun Zamfara da ake haƙar zinare a ciki tsofaffin duwatsun wuta ne da waɗanda zafi ya gasa, na ɓangarenmu na Kebbi da Sakkwato kuma sun kwanta ne bayan turailobait ta daɗe da ƙarewa. Namu rabon daban ne, ƙasusuwan kifi da kada da ƙaton ƙadangaren tekun nan da aka sa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Turailobait masu kyan da ake sayarwa a intanet yawanci daga Maroko suke, wajen Alnif, kuma akwai jabu da yawa da ake zubawa da roba.

Don Allah a gyara rubutun ƙarƙashin hoton a fitowa ta gaba, ranar Litinin ina da aji da yaran nan kuma sun fi yarda da ku a kaina.

Naku,
Malamin bayoloji, Argungu, jihar Kebbi