Wasiƙa Zuwa Maraɗi

Kano, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyi? Nan Kano hazo ya sauka tun makon jiya, da safe ko dutsen Dala ba a hangowa daga saman benenmu. Na ji saƙon muryarka, har ka fara lissafi da jika kamar a can aka yanke maka cibiya. Bazazzage ke nan, duk inda aka ba ku fura mai kauri sai ku manta hanyar gida.

Na san ka yi fushi. Wata biyu ke nan tambayarka tana kwance a wayata, wai wace kyamara za ka saya tunda an ba ka shagon ɗaukar hoton nan. Wallahi ba share ka na yi ba, wani abu ne ya faɗo mini da ya hana ni sukuni, kuma tunda kai ma wannan ruwan za ka shiga, gara ka ji shi daga bakina.

Ka tuna Hajiyar da ta aurar da 'yarta bayan ƙaramar Sallah, wadda ka riƙe mini fitila ranar kamu? Ta zo shago da kanta, direbanta na biye da babban firem a lulluɓe da zane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yaye zanen ta ce, "Ɗana, wannan 'yata ce?" Na duba, sai gabana ya faɗi. Jan lallen hannun amarya ya gudu, leshinta mai ruwan hoda ya koma kamar an jiƙa shi a ruwan toka, fuskarta ta yi kore-kore. Wata takwas kacal da rataye shi a falo. Gefen da katakon firem ya rufe kuwa yana nan da kalarsa garau, wani ɗan siririn layi kewaye da hoton, shi ya nuna mini yadda aikin yake ranar da ya bar hannuna.

Nan take na gane. A wancan lokacin bukukuwa sun yi mini yawa, tawada ta ƙare ana tsakar aiki, wani mai shago ya ba ni kwalabe shida a rabin kuɗi, ya rantse mini cewa duk ɗaya ce da ta asali, kwali ne kawai ya bambanta. Araha ba ta ado. Na buɗe littafin aiki na ƙirga gidajen da na yi wa bugu da ita, gida goma sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na karɓo, na sake bugawa da kuɗina. Wasu ma ba su lura ba, don nasu yana cikin albam, haske bai taɓa shi ba. Amma ni na sani, kuma barci ba zai yiwu ba. Hoton aure sau ɗaya ake yinsa, kuma a cikin na gidan Hajiya akwai kakar amarya wadda ta rasu a damina, Allah Ya jiƙanta. Ba su da wani hotonta tare da jikar sai wannan.

Don zuciyata ta natsu sai na yi gwaji. Na ciro ragowar wani hoto da na buga da waccan tawadar, na buga irinsa da ta asali a kan takarda iri ɗaya, na rufe rabin kowanne da kwali, na manna su a tagar shago da ke kallon gabas. Bayan sati shida na ɓare kwalin. Na jabun ya rabu biyu kamar an ja layi da wuƙa. Na asalin sai ka ƙura ido sosai kafin ka ga bambanci. Suna nan a aljihun tebur, duk yaron da ya zo koyon aiki su nake fara nuna masa. Kai ma ka yi wannan gwajin da duk tawadar da aka kawo maka kafin ka zuba ta a aikin mutane.

Ka san tawadar firintar hoto iri biyu ce. Akwai ta rini, narkakkiya, mai shiga jikin takarda yadda baba ke shiga zane a marinar Ƙofar Mata. Kalarta tana da haske da daɗin kallo, sai dai rana da iska suna cin ta a hankali. Akwai kuma mai ƙwayoyin gari, wadda ke zama a fuskar takarda, ita ta fi jure shekaru, amma firintarta da tawadarta duk sun fi tsada. Irin wadda muke amfani da ita, Epson L805 da babbar 'yar'uwarta L1800 mai buga har A3, ta rini ce, kala shida: baƙi, rawaya, shuɗi, ja, sai shuɗi mai haske da ja mai haske. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke sa fatar mutum ta fito sumul ba ɗigo-ɗigo, shi ya sa ban yarda ka sayi mai kala huɗu ta ofis ka ce za ka yi hoton amarya da ita ba. Fasfo da takardun makaranta, to. Tunda ta rini ce, ka riƙa faɗa wa masu karɓa gaskiya: a sa gilashi, kada a rataye inda rana ke bugawa. Ka bar hoto ya kwana ya bushe kafin ka sa shi a firem. Takarda kuma ka nemi mai nauyin giram 260 mai santsin roba a baya, sannan ka zaɓi irinta a kwamfuta kafin ka danna bugu, don firinta da abin da ka gaya mata take auna yawan tawadar da za ta fesa.

Wahalar ba ta tsaya nan ba, don jabun ta toshe mini kan firintar, wato sashen da ke fesa tawada. Hoto ya riƙa fitowa da zane-zane a fuska. Abin da na koya da hawaye: ka fara buga takardar gwajin hudojin da tawada ke fita ta cikinsu, ka ga wace kala ce ta yanke. Ka wanke kai sau ɗaya, ko biyu, sannan ka ƙyale ta ta kwana. In ka yi ta wankewa a jere, tawada kake zubarwa a soson da ke cikinta, ranar da ya cika kuwa firintar za ta tsaya cak tana ƙifta maka fitila. Kada ta wuce kwana uku ba ta buga komai ba, ko da ɗan ƙaramin hoto ne mai duk kaloli. Da maɓallinta za ka kashe ta, don kan ya koma mazauninsa ya rufu. In ka zare waya daga bango yana tsakiyar hanya, a buɗe zai kwana ya bushe. Saboda haka ƙaramin UPS, batirin nan da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, dole ne. A wannan hunturun kuma ka sa uwargida ta ɗinka mata riga, ƙurar Maraɗi ai ta fi tamu.

Af, kafin na manta, ƙanenka ya zo shekaranjiya da sabon babur, ya ce in gaya maka bashin nan ya kusa. Ban ce komai ba. Mai shayin bakin layi ya yi amarya ta biyu, ni na ɗauki hoton ɗaurin auren, kuma har yau ladana shayi ne da ƙwai biyu kowace safiya. Malam ya tambaye ka ranar Juma'a, ya ce ko ka samu makarantar dare a can. Ka kira shi, ƙafar tana damunsa.

Na ga hotuna huɗun da ka turo. Na farko, ka daina turo su haka kawai ta WhatsApp, matse su yake yi. Ka tura a matsayin fayil, haka kuma ka ce wa masu kawo maka hoton waya don bugu. Na biyu, mutumina, wannan angon laifin me ya yi maka? Ka jingina shi da bango, ka harbe shi da filashi tsakiyar goshi, inuwarsa a baya kamar ta ɓarawon da aka kama da tocila. Ba kyamara ce ta yi wannan ba, kuma sabuwa ba za ta gyara shi ba.

Ka sauke filashin daga kan kyamara. Ka sa shi a kan sanda da farar lema, a gefe, sama da kan mutum kaɗan, yana kallonsa a karkace. Ƙaramin filashin Godox da na'urar da ke tayar da shi daga nesa sun ishe ka farawa. Ka matso da lemar kusa, don gwargwadon girman haske da kusancinsa, gwargwadon laushin inuwa. In ka ninka nisan fitila sau biyu, rubu'in hasken ne ke isa, ba rabi ba. Shi ya sa a hoton 'yan'uwan amarya na layin gaba suka ƙone, na baya suka nutse a duhu. Ga taro sai ka ja fitilar baya ka ƙara mata ƙarfi, kowa ya samu rabonsa. Mutum kuma ka janye shi daga bango taku biyu ko uku, inuwar za ta faɗi ƙasa inda ba a ganinta. A ɗaya gefen yaro ya riƙe maka farin kwali, ko murfin kular nan ta farar kumfa, ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya wuce 1/200 na daƙiƙa in kana aiki da filashi, in ba haka ba baƙin layi zai yanke maka gefen hoto.

Babbar matsalarmu mu da ke ɗaukar baƙar fata cikin farar shadda ita ce kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta ƙara duhu. In ka ƙara kuma aikin babbar riga ya ɓace, ya zama farin fili. Ka cire ta daga otomatik, ka saita da hannunka, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara, ka kula kada farin ya ƙone, sannan ka ɗaga fuskar da kwali ko da fitila. Kuma don Allah kada ka shiga sahun masu mayar da amarya Balarabiya a kwamfuta. Za su roƙe ka. Ni nakan nuna musu biyun a takarda, kuma sau da yawa uwar amarya ce ke sa hannu a kan wanda 'yarta ta fito da kamanninta. Fatarmu in ta samu haske mai laushi daga gefe, wani sheƙi take yi da babu manhajar da za ta iya ƙirƙiro shi.

Ranar da babu wuta kuma batir ya mutu, ka tuna da ƙofar zaure. Ka tsayar da mutum daga ciki, taku ɗaya daga bakin ƙofa, fuskarsa tana kallon waje, kai kana waje. Babu lemar da ta kai wannan. Seydou Keïta na Bamako, da ya buɗe shagonsa a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, da zanen gado a baya, ga shi har yau ana rataye hotunansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Kai da kake kusa da masu saƙa da masu rini, zanen bango ba zai gagare ka ba. Wannan labulen mai hoton bene da motar alfarma da na hango a shagon, ka naɗe shi ka ba wanda ya bar maka.

Wani abu kuma da zai ba ka haushi a makon farko: hoto ya yi kyau a kwamfuta, ya fito da duhu a takarda. Fuskar kwamfutarka ce ta cika haske. Ka rage shi sosai, har farin da ke jikinta ya yi kama da farar takarda a hasken ɗakin. A tsarin kala ka tsaya a kan wanda ake kira sRGB. Gyaran kala kuma ɗaya zai yi, ko Photoshop ko firinta. In duka biyun suka sa hannu, fuska ja za ta fito kamar an mare ta. Kafin babban bugu ka gwada ɗan yanki na fuska a ƙaramar takarda, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba.

Ga shi an kira sallar Isha tun ɗazu, kuma ban ce komai kan kyamarar ba. Wai me ya samu Canon 600D ɗinka? Megafiksil 18 ce, a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci ta kusa cika A3, me kake nema kuma? Ka ƙara mata gilashin gaban kyamara (lens) na 50mm f/1.8 don hoton mutum ɗaya, sai dai a kanta yana matsowa kamar 80mm, shagon naka kuwa na ga ƙarami ne, don haka kada ka sayar da gilashin 18-55mm ɗin, shi zai ɗaukar maka taro. Kada ka canja gilashi a waje cikin wannan ƙurar, kuma ka daina goge shi da bakin riga, na san halinka. In kasuwa ta buɗe nan gaba ma yi maganar kyamara ta hannu mai babban allon kama haske a cikinta (full-frame), mu duba yawan ƙiftawar da ta yi, wato hotuna nawa ta ɗauka, kafin a biya.

Direban da ke bi ta Jibiya zai tashi ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Zan ba shi lema ɗaya, da fakitin takarda biyu, da rabin hotunan gwajin nan don ka gani da idonka. Firintar kuwa in ka tashi saye ka bari mu je Beirut Road tare, a buɗe kwali a gabanmu, kuma a mota a zaune za ta tafi, ba a kwance ba. Kilishin da ka yi alkawari tun Maulidi har yanzu yara suna tambaya. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan autarka. Ka auna mini faɗin shagon da tsawonsa da tsayin rufin, ka turo kafin Asabar, don in san ko sandar fitila doguwa zan sa maka ko gajeriya.

Wassalam,
Amininka na Kano